Allurar Zafi a Motar Baba

Ranar da aka dawo da a-kori-kurar Baba daga gareji da sabon inji a cikinta, rabin layinmu a Kafanchan ya fito kallo. Na ce sabo ne don haka yayana ya ce a riƙa faɗi, tunda shi ya saya. Gaskiyar magana, injin ya gama ƙuruciyarsa a wata ƙasar Turawa, ya sha jirgin ruwa, ya kwana biyu a Kaduna, kafin ya iso hannunmu. Amma da makaniki ya murɗa makulli, ƙararsa ta fito sumul, ba tari ba hayaƙi, har maƙwabciyarmu ta ɗaga hannu sama ta ce Ubangiji ya yi abinsa. Mama ta fito da kunu. Ni kuwa ina ta ɗaukar hoto ina tura wa 'yan'uwana a waya, domin ni kaɗai na rage a garin, ni ce idonsu, kuma ni ake tuhuma in abu ya lalace.

Baba ya shiga ya zauna a bayan sitiyari, bai kalli kowa ba. Ya sa tabarau, ya sunkuya kan agogunan nan huɗu da ke gabansa: na gudu, na fetur, na baƙin mai, da na zafin inji. Inji na ta aiki, allurai huɗu kuwa suna kwance, ko motsi babu. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Ya kashe motar ya sake tayarwa. Sannan ya sauko, ya dubi makaniki ya ce, "Ba ka gama ba."

Makanikin mutum ne mai fara'a, ya daɗe yana gyara mana motar nan. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa ke duba wannan abu yanzu? Je tasha ka gani, mota nawa ne allura shi yana aiki? Fetur, ka sa sanda a tanki. Zafi, ka taɓa bonet. Sauran kuma kunne ne. Inji in yana da damuwa, zai gaya maka da bakin shi."

Duk wanda ke tsaye a nan ya san abin da makaniki ya manta. Baba ba ya ji sosai. Ya ƙare ƙarfinsa a reluwe, a loko inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa, kuma ƙarar wurin ta cinye masa kunne a hankali. Sai dai ba a taɓa faɗin haka a gidanmu ba. A wurin Baba, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Da ya koma bencin gaba a majami'a, cewa ya yi fankar baya tana sa shi mura. Na'urar kunnen da yayana ya aiko tana cikin kabad, a bayan farantan da Mama ke ajiye wa baƙi. Tsohon injin ya san shi ta jijjigarsa a tafin ƙafa, sauran labarin kuma allurai ke ba shi. Yanzu an sa masa baƙon inji, an kuma kashe masa alluran.

Sai ya rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya ce ba zai tuƙa abin da ba ya ba da rahoto ba.

Da na kai labari guruf ɗin iyali, murna ta ɓarke. Shekara biyu ke nan 'yan'uwana suna neman hanyar karɓe makulli daga hannun Baba. Har kwamiti aka kafa, da shugaba da sakatare, kamar za a gina sabon ɗakin sujada, amma ba a sami mai ƙarfin halin tsayawa a gabansa ya faɗa ba. Yayana ya aiko da saƙon murya daga Abuja, da irin muryar da yake addu'ar rufe taro da ita, ya ce hanyoyin Allah ba irin namu ba ne, kada kowa ya taɓa alluran nan. Ƙanwata ta aiko da hoton hannaye biyu a haɗe har sau bakwai. Ban tambayi yayana abin da ya sa ya sayi inji ga motar da ba ya so a tuƙa ba. Na san amsar: an yi masa godiya a gaban ikilisiya.

Ni ma, in faɗi gaskiya, da farko na ɗan ji sanyi a raina. Amma su a waya suke ganin Baba, ni kuwa da ido. Yana da gonar citta a wajen Manchok, inda aka haife shi, kuma tun da ya yi ritaya sau uku yake zuwa a mako: Litinin, Laraba da Asabar. Ya gwada bas sau biyu. A na biyun, an matse shi a kujerar baya tsakanin buhun masara da wata mata mai kaji, direba ya kira wurin saukarsa bai ji ba, aka wuce da shi nesa, ya dawo da ƙafa. Daga nan bai sake zuwa ba. Da safe ya wanke motar, ya goge gilashi, ya ja kujera gindin mangwaro ya zauna. Cikin mako uku mutumin da ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba ya fara gyangyaɗi tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Na ji tsoro, kuma na ji haushin duk mai aiko da hannaye a haɗe.

Ranar Asabar na cire makullin daga ƙusa. A motar nan Baba ya koya mini tuƙi, don haka ban nemi izinin kwamiti ba.

Na kai ta wurin rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, wanda shagonsa inuwar wata bishiya ce kusa da tasha. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya fito yana girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare, ya ce, "Anti, wa ya yi wannan aiki? Wannan ba makaniki ba ne, mahauci ne." Daga baya na gano shi da makanikin abokai ne, a mawaƙan majami'a ɗaya suke. Agogon gudu bai ba da wahala ba, igiyarsa ce kawai aka bari tana lilo a ƙarƙashin mota. Na baƙin mai ma ya tashi. Na fetur kuwa ya tashi da abin al'ajabi: in ka kunna fitilar gaba, sai tanki ya cika fal, in ka kashe, ya koma babu. Mama ta ce a bar shi haka, a je a ba da shaida ranar Lahadi, tunda a ƙasar nan ba wanda ya taɓa samun fetur da sauƙi irin wannan. Asabar ta biyu aka gano wata waya ce ba ta kama jikin mota da kyau ba, aka ɗaure ta, al'ajabi ya ƙare.

Saura allurar zafi, kuma ita ce Baba ya fi damuwa da ita. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa da ake murɗawa a jikin inji, shi ke jin zafin ruwa ya aika wa allura ta waya. Rewaya na ce masa sansa. Ya haɗa tsohon agogo da sansar da ta zo a jikin sabon inji, allura ta motsa, muka tafa. Na kai motar gida, Baba ya shiga gwaji, ina gefensa. Ko shataletale ba mu kai ba allura ta haye can cikin ja. Ya tsaya a bakin hanya, muka jira, ya buɗe lagireto da tsumma, ruwa ko tururi bai fara ba. Muka ci gaba, ta sake hayewa. A tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba mun tsaya sau huɗu, masu acaɓa suna tambaya ko mai ne ya ƙare.

Makaniki ya ce a kawo masa, ya san maganin. Ya buɗe bakin bututun ruwa ya ciro wani abu mai kama da murfin kwalba da sifirin a jiki, ya ɗaga shi sama kamar ya kama maye. "Wannan shi ne tamostat. Na ƙasar sanyi ne. Turawa suna sa shi don ƙanƙara. A nan, kashe inji yake yi." Ya wurga shi cikin kwandon tarkace, inda na ga 'yan'uwansa sun fi a ƙirga. Duk motar da ta shigo ƙasar nan sai an yi mata wannan kaciyar, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Muka tayar da mota. Allura ta koma cikin ja abinta.

A Asabar ta huɗu ne rewaya ya yi mini bayanin da ya kamata ya yi tun ranar farko. "Anti, matsalan shi ne, agogon nan da sansan nan ba yaren su ɗaya ba. Kuma ba su da Hausa a tsakani. Wannan yana cewa ɗumi, wancan yana jin wuta." Na tambaye shi mafita. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Akwai wanda muke yi wa masu sayar da mota. Zan sa mishi wani ƙaramin abu a baya. Kina kunna mota, allura zai je tsakiya ya tsaya daram. Baba ya ji daɗi, ke ki huta."

"In injin ya yi zafi fa, za ta nuna?"

"Injin nan ba zai yi zafi ba, da yardar Allah."

Ina da takardun jarrabawa na aji uku suna jirana a gida. Na rasa bikin 'yar abokiyar aikina, na rasa taron zumuntar mata har an fara yi mini kallon mai ja da baya. Rana ta dafa ni, takalmina ya sha baƙin mai. Kuma kimiyya nake koyarwa a sakandare, ni ce wadda ke yaga takardar ɗalibi in ya ƙirƙiro sakamakon gwaji bai auna ba. Na san sarai abin da ake shirin yi. Na ce masa ya sa.

Na kai motar gida da yamma, na ce wa Baba an gama. Ya ce sai da safe, in inji ya huce. Washegari kafin mu tafi sujada ya fito da rigarsa ta Lahadi, ya shiga, ya sa tabarau, ya murɗa makulli. Allura ta tashi tsam ta je tsakiya ta tsaya, kyakkyawa da ita. Na yi murmushi na nuna masa babban yatsa. Bai mayar mini ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauko ya buɗe bonet, ya ɗora tafin hannu a kan injin. Ya sa hannu ya zare wayar da ke kan sansa, ya zagayo ya leƙa ta taga.

"Uwa na, zo ki gani," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Inji yana sanyi kamar randa, allura ya ce ya yi ɗumi. Na cire mishi waya, har yanzu yana ba da rahoto. Wannan allura annabi ne?"

Ya juyo ya dube ni.

"Kin sani?"

Na gyaɗa kai. Da a ce da baki zan amsa, da na yi ƙasa da murya yadda ba zai ji ba, amma idona yake kallo.

"A loko, mutumin da ya yi wannan, ranar zai tattara kayan shi, domin akwai mutane a bayan jirgi." Ya rufe bonet a hankali. "Makaniki ya raina ni, rewaya ya raina ni, ban damu ba. Ba ni na haife su ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na zauna a majami'a ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba, kuma duk waƙar da aka ɗauko sai in ga da ni ake.

Da yamma shi da kansa ya kira ni, ba fushi a fuskarsa, ya zana mini abin a bayan takardar sanarwar majami'a. Tsohon agogo, in ji shi, tsohuwar sansarsa kaɗai ya sani, tare aka yi su. A je a nemo tsohon injin. Muka same shi a bayan gareji cikin ciyawa, wata kaza ta yi ƙwai a gefensa, masu sayen tsohon ƙarfe ba su riga sun zo ba. Aka sha fama kafin sansar ta kwance, don tsatsa ta riƙe ta. Da aka kawo ta, bakinta bai shiga ramin sabon injin ba. Baba ya tura ni wurin wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe, tsohon abokin aikinsa, ya yanka mata ɗan mahaɗi na tagulla, gefe ɗaya daidai da ita, ɗaya gefen daidai da ramin.

Amma Baba ya ce ba za a ɗaura ba sai an gwada a gabansa. Aka kira rewaya gida, ya cire ƙaramin abin nan nasa yana ta kame-kame. Aka hura gawayi kusa da mota, aka ɗora butar shayin Mama, aka ja doguwar waya daga agogo zuwa sansa, wata kuma zuwa jikin mota, aka tsoma bakin sansar a ruwa. Mama na tsaye a ƙofar kicin tana cewa duk wanda ya sha shayi ya ji ɗanɗanon tsatsa kada ya kira sunanta. Baba na zaune a bayan sitiyari. Da farko allura ba ta motsa ba. Can sai ta ɗaga kai, tana hawa kaɗan kaɗan yadda ruwan ke ɗumi, ta wuce tsakiya, kuma daidai lokacin da murfin buta ya fara rawa ta isa bakin ja. Baba ya ce a sauke butar. Allura ta fara saukowa. Ya buga sitiyari da tafin hannu, ya yi dariyar da na yi wata biyu ban ji ba.

"Baba ai injiniya ne," in ji rewaya.

"Me ya ce?" Baba ya tambaye ni. Na maimaita da ƙarfi. Ya ce, "Gaya mishi tafasa ruwa kawai na yi."

Ya kuma tilasta wa makaniki ya mayar da tamostat. Mutumin ya tsuguna yana tonon kwandon tarkace yana gunaguni cewa tun da ya fara aiki ba a taɓa sa shi mayar da wannan abu ba, kuma in inji ya mutu ba ruwansa.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka kama hanyar Manchok da sassafe, Baba na tuƙi, ina gefe. Ya sa hularsa ta zuwa gona. Allurai huɗu suna aiki, shi kuma yana karanta mini su kamar mai karanta sanarwa. "Kin gani? Ya kai wurin shi ya tsaya." Da muka fara hawa wajen Kagoro, allurar zafi ta ɗan ɗaga, da hanya ta kwanta ta koma. "Kin gani? Wannan shi ne gaskiya." Na yi farin ciki har na ji hawaye na neman zuwa. Na riga na fara shirya saƙon da zan tura wa kwamiti.

Sai na ji hon a bayanmu. Bas ce, cike da fasinja. Baba na tafiya a hankali a tsakiyar hanya yana kauce wa ramuka, rabin hankalinsa a kan agoguna. Direban ya danna, ya sake dannawa, ya ɗora hannu bai ɗaga ba. Na jira Baba ya duba madubi. Na ce a raina yanzu zai duba, kada in ɓata masa ranarsa. Muka yi tafiya mai nisa a haka. A wata kwana direban ya ƙosa, ya fizgo ta gefenmu, daidai lokacin da wani mai acaɓa ke tahowa ɗauke da mata mai goyo. Mai acaɓan ya faɗa cikin ciyawa da babur ɗinsa, ya dafe ƙasa da ƙafa, Allah ya sa ba su faɗi ba. Bas ta wuce, direba ya fito da hannu yana zagi, fasinjoji duk sun juyo suna kallonmu.

Baba ya taka birki. "Wane irin mahaukaci ne wannan? Me ya sa bai yi hon ba?"

Amsa mai sauƙi tana bakina. Direbobin yanzu ba su da tarbiyya, Baba. Da ya yarda, da mun yi tsaki tare mun wuce. Na juyo sosai yadda zai ga bakina.

"Ya yi, Baba. Tun daga Kagoro yake yi."

"Tun daga Kagoro?"

Na gyaɗa kai.

Ya dubi madubi, inda ake hango matar tana gyara goyonta a bakin hanya. Ya sa giya, ya koma can gefen hanya, muka ƙarasa gona a haka, ba wanda ya sake karanta allura.

A gona ya daɗe. Ya bi kunya kunya yana duba cittar, ya tona gindi ɗaya ya shinshina, ya yi wa masu aiki faɗa a kan ciyawa da yarenmu, suka ba shi haƙuri da ƙarfi yadda suka saba. Da rana ta yi sama muka dawo wurin mota. Ya je ƙofar direba ya kama hannunta, ya tsaya. Ni kuma na yi kamar ina kakkaɓe takalmi. Sannan ya saki, ya zagayo ta gaban motar ya zo inda nake, ya miƙo mini makulli.

"Ki hau tudu da giya biyu, kar ki wahalar da shi," ya ce. "Kuma kar ki gaya wa yayanki tukuna."

Ban gaya masa ba, Mama ce ta faɗa bayan wata guda. Yayana ya aiko da dogon saƙo yana gode wa Allah da dukan 'yan kwamiti saboda haƙuri da hikimar da aka nuna. Na karanta na kife wayar.

Yanzu ni ke kai Baba gona. Yakan zauna a gefena ya karkato da wuya don ya ga alluran, ya riƙa gaya mini abin da suka ce, ko da yake a gabana suke. Har yau ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Sai dai ranar Asabar kaɗai nake da sarari. Litinin da Laraba ina makaranta, shi kuma yana gida.